Eskabeta mai rimot a ramin kuza: me ake dubawa kafin a biya kuɗi?

Dan_Bukuru:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga injiniyoyi da makanikai na wannan zaure. Abu biyu dillalai ke tallata wa masu haƙar kuza: injin da ya fito daga kamfani da rimot ɗinsa, da kuma akwatin rimot da ake ɗaura wa eskabeta tokumbo mai tan 20. Hujjarsu ita ce in gaɓar rami ta rufto, ƙarfe za ta danne, direba yana can gefe. Ga irin ramukanmu na wajen Bisichi da Barikin Ladi, wanne ya fi aminci? Me ake dubawa kafin a biya, me kuma ake kiyayewa bayan an kawo shi?

Injiniya_Naraguta:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara rarrabewa, don "mai rimot" iri uku ne. Akwai wanda direba ke tsaye yana kallon injin da idonsa, akwatin sarrafawa rataye a wuyansa. Akwai wanda yake zaune a ɗaki yana kallo ta kyamara. Akwai kuma mai tuƙa kansa, irin tsarin AutoMine na Sandvik da manyan ma'adinai ke amfani da shi. Wanda zai zo ramukanmu na farkon ne, kuma a cikin ukun shi ne ya fi kawo mutum kusa da injin yana aiki.

Gaskiya ne rimot na fitar da direba daga ƙarƙashin gaɓa. Amma ya fito da shi daga cikin ɗakin ƙarfe ya tsayar da shi a ƙasa da hular kwano kawai. A ma'adinan kwal na Amurka, bayan injinan yankan kwal sun koma rimot, mutane da dama sun mutu saboda injin ya matse su da bango, kuma sau da yawa mai riƙe da rimot ɗin ne da kansa. Shi ya sa a 2015 hukumarsu mai kula da lafiyar ma'aikatan ma'adinai, MSHA, ta wajabta na'urar da ke tsayar da injin in mutum ya matso.

Don haka tambayar farko ga dillali ba "mita nawa yake kaiwa?" ba ce. A ce masa: in sigina ya yanke, me injin zai yi, cikin sakan nawa? Amsar da ake so: komai ya tsaya da kansa, birki ya kama, kuma ko sigina ya dawo ba zai motsa ba sai an sake tayar da shi da hannu, sandunan sarrafawa suna tsakiya. Masu kyau suna yin haka tsakanin rabin sakan da sakan 2. Ku yi lissafi: eskabeta mai tan 20 na gudun kusan kilomita 5.5 a awa, wato mita ɗaya da rabi a sakan. Jinkirin sakan 2 mita 3 ke nan. A bakin rami, mita 3 ba wasa ba ne.

Sarkin_Kwangila:
Injiniya, ai duk rimot haka yake yi. Ko na ƙugiyar ɗaga kaya a sito, ka saki maɓalli ya tsaya.

Injiniya_Naraguta:
Alhaji, sakin maɓalli daban, yankewar sigina daban, lalacewar risiba, wato na'urar da ke karɓar sigina a jikin injin, kuma daban. A ƙaramin rimot na araha, rilé ɗaya, wato makunnin da ke haɗa wuta ko yanke ta, shi ne ke riƙe da tsayawa. In bakinsa ya narke ya manne, ka danna jan maɓalli har yatsa ya yi ciwo, injin na tafiya. Na kirki yana da rilé biyu masu sa wa juna ido, in ɗaya ya manne ɗayan ya yanke, kuma injin ya ƙi tashi har a gyara. A takarda za ka ga an rubuta ƙa'idar ISO 13849-1, matakin aminci na PL d ko sama da haka ga maɓallin tsayawa. Ga injinan haƙa ƙasa kuma, ƙa'idar rimot ita ce ISO 15817. In dillali ya yi shiru da aka ambaci waɗannan biyu, ka san inda aka kwana.

Makaniken_FarinGada:
Bari in shiga maganar ɗaura wa tokumbo, don nan ne aikin yake. Galibin eskabetocin da ke hannun mutanenmu sandunansu ba waya suke turawa ba, mai suke turawa. Akwai ƙaramin layin haidurolik mai ƙarfin matsi bar 35 zuwa 40 da ke tura manyan bawul, su kuma su saki babban layi mai kusan bar 350. Mai ɗaura rimot zai sa bawul na lantarki a kan ƙaramin layin, ɗaya ga kowane motsi: ɗaga hannu, sauke shi, bokiti, juyi, sarƙar dama da ta hagu.

Wuri uku ake ɓata aiki. Na ɗaya, a sa bawul mai buɗewa ko rufewa kawai, maimakon mai buɗewa gwargwadon yadda ka tura sanda. Da irin wannan hannu zai riƙa fizga, kuma fizgar bokiti cike da jiƙaƙƙen yashi a bakin gaɓa tana iya karkatar da injin. Na biyu, a tsallake sandar kulle ta gefen kujera, wadda direba ke ɗagawa in zai sauka. Tunda babu kowa a kujera sai a haɗa wayarta kai tsaye, shi ke nan an kashe kariyar da kamfani ya sa. Daidai shi ne a sa babban bawul guda da ke zubar da ƙarfin ƙaramin layin gaba ɗaya zuwa tanki da zarar wuta ta yanke masa, risiba ce kuma ke riƙe da shi. Na uku, datti. Bawul ɗin lantarki ba ya jure ƙazamin mai. Tsakuwar da ido ba ya gani tana maƙale shi a buɗe, sai ka saki sanda injin na ci gaba da juyi. Babban bawul ɗin nan da na faɗa shi kaɗai zai cece ka a lokacin. Kafin a ɗaura komai a canza mai da dukkan matatai, a kuma ƙara matata ta musamman a gaban sababbin bawul.

In injin yana da hannu mai saukowa da kansa in an bar shi a sama, ko birkin juyi ya mutu, kada a ɗaura masa rimot sai an gyara. Direban da ke ciki yana jin waɗannan a jikinsa yana gyara su ba tare da ya sani ba. Na waje ba zai ji komai ba.

Hajiya_Jiyoloji:
Wannan jumlar ta ƙarshe ta Malam Makanike ita ce ba a cika faɗa ba. Direba da mazauninsa yake fara sanin ƙasa ta yi laushi, tun kafin ido ya gani. Mai rimot ya rasa wannan. Dole a sa wa injin na'urar auna karkata mai ƙara da fitila, kuma a ga lambar a allon akwatin hannu.

Baba_Loto:
Yarana, kuna ta maganar waya da bawul, ƙasar fa? Filayen nan an fi shekara 100 ana tona su. Bayan ramukan Turawa da suka zama kududdufai, ga ramukan loto, na masu haƙa da hannu, da aka bi ta ƙarƙashi aka yi rassa, bakin ya toshe, ciyawa ta rufe, babu taswira. Ka ɗora tan 20 a kai, rimot zai hana shi nutsewa? Kuma ga abin da nake tsoro: mai injin zai ce tunda babu mutum a ciki, a tura shi inda da can ba wanda zai yarda ya shiga. Injin ya kafe ko gaɓa ta binne sarƙarsa. To wa zai sauka ya ɗaura masa igiya? Mutum biyar, shida, da shebur, a ƙarƙashin gaɓar da ta riga ta nuna halinta. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Injiniya_Naraguta:
Baba, ranka ya daɗe, babu abin cirewa a maganarka. Ciro injin da ya maƙale shi ne lokaci mafi haɗari a duk aikin rimot, har a manyan ma'adinai. Ana rage shi da shiri tun kafin shiga. A ɗaura igiyar ƙarfe a ƙugiyar jan da ke jikin firam ɗin ƙasa, ba a bokiti ko nauyin baya ba, a shimfiɗa ta har wurin da mutum zai iya tsayawa lafiya, kafin injin ya shiga wuri mai shakka. A tabbatar akwai wani injin da zai iya jan sa a kusa. Lokacin ja, kowa ya nisanci igiyar da abin da ya fi tsawonta, don in ta tsinke bulala take yi. Sannan mai wurin ya yanke hukunci tun yau, a rubuce, cewa akwai yanayin da za a bar injin a can har ƙasa ta bushe. In ba zai iya haƙura da injinsa na wata biyu ba, kada ya tura shi.

Baba_Loto:
A rubuce. Allah ya sa. Ranar da miliyoyinsa ke cikin laka za mu ga takardar.

Hajiya_Jiyoloji:
Baba, kan maganar tsofaffin ramuka, akwai abin yi. Kafin injin ya taka fili a zagaya da dattawan da suka yi loto a wurin, su ne taswirar. Duk inda ƙasa ta lotsa kamar kwano, ko ruwan sama ke ɓacewa a wuri ɗaya, a kafa turke. Inda ake shakka a sa masu awon ƙasa da lantarki su bi layi, irin awon da ake yi kafin haƙa rijiyar burtsatse, ko a huda da ƙaramin injin huda. Sama jar ƙasa ce mai tauri, ƙarƙashinta yumɓu da yashi mai ruwa, shi ya sa gaɓa ke tsayawa kyam da rani ta yaudari mutum, ruwan Yuli da Agusta ya shiga tsaga ta zame gaba ɗaya. A ƙasa mai laushi, nisan sarƙa daga baki kada ya gaza zurfin ramin: rami mai mita 6, a ja baya mita 6. Kowace safiya, da kuma bayan kowane ruwa, a bi saman gaɓa a nemi tsaga mai bin tsawon baki. In an gan ta, a kafa turaku biyu, ɗaya kowane gefe, a auna tsakaninsu safe da yamma. In tana buɗewa, ba injin ba mutum.

Shi ma mai rimot ɗin kansa ya shiga wannan lissafi. Don ya ga bokiti da kyau, ƙafarsa za ta riƙa jan sa zuwa baki. Wurin da ya fi gani shi ne wurin da ke fara karyewa.

MaiEriya_Terminus:
Ni ɓangaren rediyo zan taɓa. Rimot ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka galibi yana aiki ne tsakanin 902 da 928 MHz. A nan kuwa wayoyin GSM suna tura sigina zuwa turken sabis a 890 zuwa 915. Kun ga sun hau kan juna. Sakamakon shi ne injin ya riƙa tsayawa babu dalili, kuma mai shi na iya shiga matsala da NCC, don ita ke da ikon rabon zango da amincewa da na'urorin rediyo da ake shigowa da su. Na Turai suna zuwa a 433 ko 868 MHz, wasu kuma 2.4 GHz. A tambayi zangon a rubuce, a kuma nemi shaidar amincewar NCC ta wannan samfurin.

Tsayawa babu dalili ba ƙaramin abu ba ne. Injin da ke katsewa sau goma a yini, ƙarshensa wani zai buɗe akwati ya tsawaita lokacin jiran sigina ko ya haɗe rilé. Daga ranar an koma ba kariya.

Nisan da aka rubuta a kwali a fili fetal aka auna shi. Dutse da jiƙaƙƙiyar ƙasa suna shanye sigina, hannun injin kansa yana tare eriya in ya juyo. A kafa eriya a saman rufin ɗakin direba, a tsaye, ba a cikin akwatin ƙarfe ba. Kowane akwatin hannu kuma ya zama yana da lambarsa ta kansa da risiba ɗaya tak ke ganewa. In an sayi biyu iri ɗaya, a kunna su tare a gwada ko na wannan na motsa wancan, sannan a shafa wa kowane injin da akwatinsa fenti launi ɗaya da babbar lamba.

Sarkin_Kwangila:
To ba sai a sa kyamara a zauna a kwantena ba? An huta da tsayuwa a bakin rami.

MaiEriya_Terminus:
Ana yi, Alhaji, amma wani aikin ne daban da kuɗinsa. Hoto yana jinkiri. In ya makara da kashi uku cikin goma na sakan, bokitin da kake gani ya riga ya wuce wurin. Kyamara ɗaya ba ta nuna zurfi, ana buƙatar gaba, baya, gefe biyu, da wata a kan turke mai hango filin duka. Kada kuma a dogara da datar waya, sai an kafa hanyar sadarwa ta wurin. Abu mafi muhimmanci, in hoto ya daskare dole injin ya tsaya. Daskararren hoto ya fi baƙin allo haɗari, don direba zai ɗauka komai lafiya. Kuma tunda ba mai kallon fili da ido, sai an killace shi da shinge da ƙofar da buɗe ta ke kashe injin.

Oga_Sefti:
Mu dawo kan inda mutum zai tsaya. Eskabeta mai tan 20 tana miƙa hannu kusan mita 10, tana kuma zagaye kusan sau 11 a minti. Bokiti a mita 9 yana shara kusan mita 10 a sakan ɗaya. Ba mai tsere wa wannan. Ƙugun baya shi ma yana fitowa kusan mita 3, kuma shi ne ke matse mutum da gaɓa ko da tifa. Don haka a zana da'ira ta aƙalla mita 15 da turaku da jan ƙyalle, har da direban a wajenta. Kada ya tsaya a gangare ƙasa da injin, kada ya tsaya tsakaninsa da bango, kada ya tsaya a layin da sarƙa ke fuskanta. In zai canza wuri, ya dasa bokiti a ƙasa, ya kulle sanduna, sannan ya taka. Ba a tafiya ana tuƙi. Tuntuɓe ɗaya, hannu ya danne sanda.

Saboda tuntuɓen ne ake son akwatin hannu mai na'urar da ke tsayar da injin in ya karkata sosai ko ya faɗi, da kuma shinge kewaye da sanduna. A gwada: a kwantar da akwatin a gefensa injin na aiki, a ga ko zai tsaya.

Sai rikicewar gaba da baya. In saman injin ya juya rabin zagaye, tura sanda gaba baya yake kai shi. Direban ciki yana leƙa sarƙa ya gane, na waje da ke fuskantar injin kuma dama da hagu ma sun juye masa. A shafa babbar kibiya a firam ɗin sarƙa ta kowane gefe, launin gaba daban da na baya, a sa irin launukan a jikin akwatin. Gogaggen direban shekara 20 ɗan koyo ne a rimot. A ba shi kwanaki a fili mai faɗi, a ƙaramin gudu, kafin ya ga bakin rami.

Mutum na biyu kuma dole ne, mai usur da nasa maɓallin tsayarwa. Direba bokiti yake kallo. Mata masu wankin kuza, yara masu kawo abinci, shanu masu zuwa kududdufi, duk wanda ya ga ɗakin direba babu kowa zai ɗauka injin a kashe yake. Fitila mai walƙiya da ƙaho kafin motsi suna taimakawa, amma sai an je an yi wa mai unguwa da mutanen wurin bayani baki da baki.

Yar_Rayfield:
Oga, ka bar ɗaya. Tsawa. Jos ce fa. Direban da ke cikin ɗakin ƙarfe yana da kariya daga aradu, wanda ke tsaye a kan tulin ƙasa a fili shi ne abu mafi tsawo a wurin. Da an ji tsawa a dasa bokiti, a kashe, a shiga mota ko gini, a jira minti 30 bayan ta ƙarshe. Ba a fakewa a gindin bishiya ko ƙarƙashin injin.

Da rani kuma ƙura. Ragowar wankin kuza tana ɗauke da monazait, mai sinadarin toriyom da ke fitar da tururin nukiliya, ga kuma ƙurar yashi mai cin huhu. A tsaya ta inda iska ke fitowa, a sa abin rufe hanci mai matata P3, ba ƙyallen asibiti ba.

Makaniken_FarinGada:
Ƙari kan gyara. A littafin injin za ku ga an rubuta LOTO, ba loton Baba ba ne, nufinsa kullewa da rataya alama. A injin rimot kashe makulli bai isa ba, tunda wani na iya tayar da shi daga nesa. Tsarin shi ne: bokiti a ƙasa, a kashe injin, a juya makulli zuwa kunne ba tare da tayarwa ba a kaɗa sanduna don ƙarfin da ya taru a tulun ƙaramin layi ya fita, a sassauta murfin tanki a hankali, a kashe babban makunnin batir a sa masa kwaɗo, makullin a aljihun mai gyara, akwatin rimot ɗin kuma a kulle shi a akwatin kayan aikinsa. Kada a nemi yoyon tiyo da tafin hannu, a sa kwali. Mai da ya huda fata aikin tiyata ne cikin awanni, ko da ramin bai fi na allura ba.

Abubuwan da ke kashe risiba: walda a jikin injin ba a cire filoginta ba, tayar da injin da batirin wata mota a juye waya, da wanki da ruwan matsi. Wajen matakin jure ƙura da ruwa, a nemi IP65 aƙalla ga akwatin hannu, IP67 ga abin da ke waje a jikin injin. Batirin hannu biyu, ɗaya na aiki ɗaya na caji, kuma ya yi gargaɗi da isasshen lokacin da za a fito da injin kafin ya mutu. Wanda ya kumbura a jefar. Sannan wuta: babu kowa a ciki da zai ji ƙauri, don haka a sa na'urar kashe gobara mai tashi da kanta a ɗakin inji.

Dan_Wase:
Mu namu ba yashi ba ne, dutse ne, dalma da zinc, kuma ana shiga ƙarƙashi. Ƙananan injinan fasa dutse irin na Brokk da Husqvarna fa, masu tan ɗaya da 'yan kai? Sun dace?

Injiniya_Naraguta:
Sun dace da ɓamɓare dutsen da ya saki a rufi da fasa manyan duwatsu, kuma ƙananan faɗinsu bai kai santimita 80 ba. Amma galibinsu lantarki suke ci ta kebul. A duba na 50 Hz ne mai bolt 400, ba na Amurka mai 60 Hz da bolt 480 ba. Janareta ya fi ƙarfin motar da rata mai kyau saboda fizgar tashi, kuma a tuna a tsayin Jos, kusan mita 1,200, injin dizal marar turbo yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa. A kafa sandar ƙasa, a sa na'urar yanke wuta in ta zube, a riƙa duba kebul kullum don injin kan taka nasa. In an juya jerin wayoyin wuta uku, wato fes, famfon zai juya baya. Ƙafafun tallafi huɗu su sauka kafin a ɗaga guduma, kuma su ma suna murƙushe ƙafar mutum.

In kuwa na dizal ne a ƙarƙashin ƙasa, rimot ba ya rage hayaƙi ko kaɗan. Ƙa'idar da aka saba ita ce iska kusan kubik mita 0.06 a sakan ga kowane kilowat, wato injin mai kilowat 100 na son kubik mita 6 a sakan. Kowane rukuni ya riƙe na'urar auna iska: oksijin kada ya sauka ƙasa da kashi 19.5, kabon monoksaid kuma ta yi ƙara tun a 25 zuwa 35 ppm, wato kashi cikin miliyan, don ba shi da wari.

Oga_Sefti:
Kuma tunda ku kuna fasa nakiya: rimot na'urar watsa rediyo ce. Kan nakiya na lantarki, wato abin da ke tayar da ita, yana iya tashi da ƙarfin rediyo in an kusanto. Lokacin ɗura ramuka a kashe akwatin hannu, a fitar da shi tare da wayoyi da oba-oba zuwa nisan da mai ƙera nakiyar ya rubuta. Irin mai siririn tiyo marar lantarki bai damu da rediyo ba. Ga masu kwal kuma, irin na Maiganga ko Okaba, in aikin ya shiga ƙarƙashin ƙasa duk na'urar lantarki sai mai shaidar cewa ba za ta tayar da fashewa ba, ATEX ko IECEx rukuni na I, saboda iskar methane.

Lauya_TudunWada:
Ta fuskar takardu. Dokar ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011 sun ɗora alhakin lafiyar ma'aikata a kan mai lasisi, ba dillali ba, kuma Sashen Duba Ma'adinai na ma'aikatar tarayya ke sa ido, yana da jami'i a jiha. A sanar da shi kafin a canza salon aiki. Dokar ta tanadi sassaucin harajin kwastam kan injinan haƙa, amma sai an nema an amince, ba a tashar ruwa ake fara maganar ba. A cike Form M, takardar shigo da kaya, kafin kaya su taso, a kuma tambayi wakilin fito da kaya ko suna buƙatar SONCAP, shaidar ingancin kaya ta hukumar SON. Ma'aikata a yi musu rajista da NSITF, asusun inshorar ma'aikata, kashi 1 cikin 100 na albashi ne a ƙarƙashin dokar diyya ta 2010.

Kan tambayar Malam Dan_Bukuru ta wanne ya fi: takardar da ke zuwa da akwatin rimot ta rediyon ce kawai. Ba ta ce komai ba kan bawul da wayoyin da aka haɗa a gareji. Wanda ya haɗa shi ne ya zama maƙerin sabon injin, shi da mai shi. Na kamfani kuwa an gwada shi a matsayin abu ɗaya. Tambarin CE na Turai a jikin kwali ba hujja ba ce, a nemi takardar shaidar mai ɗauke da lambar samfurin da sa hannu. A kuma sanar da kamfanin inshora, in ba haka ba ranar biya za su ce an sauya injin.

Makaniken_FarinGada:
Barista, na yarda rabi. Na kamfani in allonsa ya ƙone, injin zai kwanta har kaya su zo daga waje, wani gyaran ma sai da kwamfutar wakilinsu. Ɗaurin da aka yi da rediyon kirki irin Hetronic, HBC ko Scanreco, da zanen waya da na mai a hannu, ana iya gyara shi a garin nan. Matsalar ba ɗauri ba ce, waye ya ɗaura.

Lauya_TudunWada:
Waye ya ɗaura, kuma waye ya duba bayansa ya sa hannu. In babu injiniya mai rajista da zai yarda ya sa sunansa, ni dai ba zan ba da shawarar a saya ba.

Dan_Bukuru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To a ranar karɓar kaya, me za a gwada a gaban dillali?

Injiniya_Naraguta:
A riƙe wani kaso na kuɗin sai an gama wannan, a filin aikinku, ba a harabarsa ba. Injin na tafiya a hankali, a zare batirin akwatin hannu, a auna da tef mita nawa ya ƙara. A maimaita yana juyi da bokiti cike. A mayar da batir a ga bai motsa da kansa ba. A tura sanda ɗaya a yi ƙoƙarin tayarwa, ya kamata ya ƙi. A danna kowane jan maɓalli ɗaya bayan ɗaya: na hannu, na mai usur, na jikin injin. A kwance eriya. A zagaya bayan tulin ƙasa har sigina ya yanke. A zare filogin bawul ɗaya a ga abin da zai faru. A juya makunnin zaɓi zuwa tuƙin ciki a tabbatar rimot ya mutu gaba ɗaya, a juya zuwa rimot a tabbatar sandunan ciki ba sa aiki, kuma makunnin ya zama mai makulli. A yi gwajin tsayawa a kan gangare ma. Duk lambar da aka samu a rubuta, don ita za a riƙa kwatantawa da gwajin kowace safiya.

Baba_Loto:
Duk na ji. Ni dai har yanzu da kuɗin rimot ɗin aka sassaƙe gaɓa ta zama matakala, aka sayi famfo biyu na janye ruwa, aka tona lambatu a sama don ruwan sama ya kauce wa baki, da direban ma bai buƙaci fita daga kujerarsa ba.

Hajiya_Jiyoloji:
A sabon rami, Baba, haka ne. A tsohon da gaɓarsa ta riga ta tsaya a miƙe, wani injin ne zai fara zuwa ya sassaƙe ta, kuma wannan aikin na farko shi ne ba a son mutum a ciki.

Sarkin_Kwangila:
Wato haya za a yi na wata ɗaya ke nan, ba saye ba. Malam Makanike, ɗaurin nan in an gama ana iya kwance shi a mayar kan wani injin?

Makaniken_FarinGada:
Ana iya, Alhaji, in ƙaramin layinsu iri ɗaya ne. Amma duk saitin gudu sai an sake shi, kuma gwajin da Injiniya ya lissafa sai an maimaita daga farko a kan sabon injin.